Yadda Ake Zaɓen Shimfiɗa Mai Sauƙin Tsaftacewa a Kejin Ɓeran Masar

Ɓeran Masar yana cin abinci kusan dare da rana, kuma gwargwadon cinsa gwargwadon abin da yake fitarwa. Babba guda, wanda nauyinsa ke tsakanin giram 700 zuwa 1,200, yakan sha ruwa kimanin mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ya kuma zubar da ƙwayoyin kashi masu yawan gaske a duk inda ya ga dama, har a wurin da yake kwana. Saboda haka shimfiɗar da ke ƙasan keji ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsaftar wannan dabba, kuma ita ce ke yanke ko aikin mai kiwo zai zama na minti goma a rana ko kuwa wahalar da za ta sa ya riƙa jinkirta shara har keji ya yi wari. Ma'aunin da za a bi a wannan jagora guda ɗaya ne, wato shimfiɗa ta bar saman da dabbar ke takawa a bushe, ta kuma dace da irin aikin da mai kiwo zai iya yi kullum ba tare da fashi ba.

Mataki na farko: a san abin da jikin dabbar ke bukata

Kafin a sayi komai, ya kamata a ɗaga ɓeran Masar a dubi tafin ƙafarsa. Fata ce tsirara mai laushi, babu gashin da ke kare ta kamar yadda yake a ƙafar zomo, kuma a kanta ne duk nauyin jikinsa ke sauka. Idan wannan fata ta daɗe a kan wuri mai danshi ko mai kaushi, sai ta yi ja, ta kumbura, ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga, ciwon ya zama gyambo mai wuyar warkewa wanda a wasu lokuta yakan kai har ƙashi. Wannan ciwon tafin ƙafa yana cikin abubuwan da likitocin dabbobi suka fi gani a jikin ɓeran Masar, kuma jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da daɓen raga na waya su ne manyan dalilansa, sai kuma ƙiba da ƙarancin bitamin C, wanda jikin wannan dabba ba ya iya haɗawa da kansa.

Abu na biyu shi ne numfashi. Ƙafafunsa gajeru ne, hancinsa kuma bai wuce 'yan santimita kaɗan daga ƙasa ba, don haka duk ƙurar da ta tashi daga shimfiɗa da duk iskar amoniya da tsohon fitsari ke fitarwa shi ne yake fara shaƙarsu, tun kafin mutumin da ke tsaye ya ji wari. Amoniya tana raunata hanyar numfashi, ta buɗe ƙofa ga ciwon huhu, wanda ke kashe waɗannan dabbobi cikin gaggawa. Idan har mai kiwo ya shigo ɗaki ya ji warin fitsari daga nesa, to dabbar ta daɗe tana shaƙarsa.

Na uku, fitsarinsa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, shi ya sa yakan fito fari-fari kamar ruwan da aka dama da alli, kuma idan ya bushe sai ya bar farin tabo mai tauri a jikin roba ko yadi. Wannan ba alamar ciwo ba ce a karan kanta, amma yana shafar yadda za a wanke keji. Na huɗu kuma, ɓeran Masar yana ɗanɗana duk abin da aka sa masa a gaba, don haka ba a shimfiɗa masa abin da ba za a yarda ya haɗiye kaɗan daga ciki ba.

Mataki na biyu: a gyara daɓen keji da girmansa

Babu shimfiɗar da za ta yi aiki a kan daɓen raga. Dole ƙasan keji ya zama shafaffe, wanda ruwa ba ya ratsawa, kamar tiren roba mai zurfi, ko faifan roba mai kama da kwali da ake lanƙwasa gefensa ya yi bango na santimita 10 zuwa 15 don kada shimfiɗa ta riƙa zubowa waje. Idan kejin na katako ne, a lulluɓe ƙasansa da ledar daɓe mai kauri, a tabbata gefenta ya ɓuya yadda haƙori ba zai kama shi ba, domin katako tsirara yana shan fitsari kuma warin ba ya fita daga cikinsa.

Girman keji yana da alaƙa kai tsaye da sauƙin shara, ko da yake mutane da yawa suna zaton ƙaramin keji ya fi sauƙi. A ƙaramin wuri fitsari yana taruwa a ko'ina, shimfiɗa ta jiƙe gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali a wuri mai faɗi dabbobin sukan ware lungunan da suke ɓatawa, sauran filin ya zauna a bushe. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka da a da ake kira Humane Society ta ba da shawarar cewa mafi ƙarancin fili shi ne ƙafa murabba'i 7.5, wato kimanin mita murabba'i 0.7, kuma ga guda biyu an fi son ƙafa murabba'i 10.5, kusan mita murabba'i ɗaya. A yi lissafi da guda biyu tun farko, domin dabbar garke ce da ba ta jin daɗin zaman kaɗaici, har ƙasar Suwizalan ta haramta ajiye guda ɗaya tilo tun shekarar 2008. A auna tsawo da faɗin cikin kejin da tef a rubuta, domin da wannan awo za a yanka yadi ko a ƙiyasta yawan shimfiɗar da za a riƙa saye.

Mataki na uku: a fitar da abubuwan da ba su dace ba

Sassaƙen itacen sida yana da ƙamshi mai ƙarfi da ke ɓoye wari, kuma wannan ƙamshin shi ne illarsa, domin mai ne da ke tashi a iska yana damun huhu da fata. Tun a 1967 bincike ya nuna cewa shimfiɗar itatuwa masu irin wannan mai, da suka haɗa da sida da fain, tana sauya yadda hantar ɓeraye ke aiki. A guje wa sida kwata-kwata, haka ma ɗanyen sassaƙen fain da ba a gasa a tanda ba. Garin katako mai laushi yana da ƙura da yawa, yana shiga hanci da ido, kuma sassaƙen da aka kwaso daga wurin aikin kafinta ba a san irin itacen da ke ciki ba, balle fenti ko gam ko maganin ƙwari da ya taɓa shi.

Ƙasar bahayar kyanwa, musamman mai dunƙulewa idan ta jiƙe, tana iya dunƙulewa a cikin hanji idan an haɗiye ta. Dakakkiyar totuwar masara tana saurin yin fumfuna, ga kuma hatsarin toshe ciki. Karan alkama da makamantansa ba sa shan ruwa sosai, kuma tsininsu yana tsokane ido. Jarida ita kaɗai tana jiƙewa nan take ta manne a ƙasa, sai dai a sa ta a can ƙarƙashin wata shimfiɗar don sauƙin naɗewa ranar shara. Audugar kwanciya da ake sayarwa don ƙananan dabbobi tana naɗe yatsu tana kuma toshe hanji. Duk shimfiɗar da aka zuba wa turare ita ma a bar ta, domin turare yana ruɗar hancin mai kiwo ne kawai, amoniyar tana nan inda take.

Akwai kuma shimfiɗar yarwa da ake yi wa 'yan kwikwiyo, mai leda a baya da sinadarin shan ruwa a ciki. Tana da amfani a ƙarƙashin yadi idan an ɓoye ta sarai, amma ban yarda a bar ta a fili ba, domin da zarar dabbar ta samu gefenta za ta ci ledar.

Mataki na huɗu: a zaɓa tsakanin shimfiɗar yarwa da ta wankewa

Abin da ya rage ya kasu gida biyu, kuma a nan ne ya kamata mai kiwo ya yi wa kansa hisabi na gaskiya game da lokacinsa da kayan aikinsa.

Gida na farko shi ne shimfiɗar da ake zubawa, a kwashe a zubar idan ta ƙazantu. Mafi laushi a ciki ita ce ta takarda da aka sarrafa ta zama ɓurɓushi mai taushi, irin su Carefresh, wadda ke shan ruwa sosai kuma ba ta cutar da ƙafa, sai dai tana ƙarewa da sauri a babban keji, kuma wasu nau'o'inta suna da ƙura fiye da yadda aka rubuta a jikin buhu. Sassaƙen itacen asfen ba shi da man ƙamshin da ake gudu, yana da aminci, amma bai kai takarda shan ruwa ba, kuma yana maƙalewa a gashi da tufafi. Sassaƙen fain da aka gasa a tanda ya rasa mafi yawan mansa, kuma masu kiwo da yawa suna amfani da shi, da sharaɗin a shinshina shi tukuna, idan ƙamshin itace ya bugi hanci da ƙarfi a bar shi. Akwai kuma ɓargon karan hemf, wata shuka mai kama da rama, da aka daddatsa, wanda aka fi sani a shimfiɗar dawaki, yana shan ruwa da kyau kuma ƙurarsa kaɗan ce. Sai dunƙulallun ƙwayoyin takarda ko na katako, waɗanda suka fi kowa shan fitsari da riƙe wari amma suna da tauri ga tafin ƙafa, don haka ba a barin dabba ta taka su kai tsaye, sai an rufe su da abu mai laushi.

Falalar wannan gida ita ce babu wanki, kuma kashi yana nutsewa a ciki, keji ba ya saurin nuna ƙazanta. Aibinsa kuwa yana cikin wannan falalar, domin danshi yana taruwa a can ƙasa inda ido ba ya gani, sama kuma ya yi kamar lafiya lau. Ga kuma sayen da ba ya ƙarewa, da shara mai yawa kowane mako, da ɓurɓushin da ke watsuwa a ɗaki.

Gida na biyu shi ne yadin filis, wato yadi mai laushi na foliyesta zalla da ake ɗinka rigunan sanyi da barguna da shi. Filis ba ya shan ruwa, kuma wannan ita ce hikimar amfani da shi, domin fitsari yana ratsa shi ya wuce zuwa wani yadin mai shan ruwa da ke ƙarƙashi, saman ya koma a bushe cikin ɗan lokaci. Saboda haka filis shi kaɗai ba shimfiɗa ba ne, sai an haɗa shi da abin da zai riƙe ruwan, kamar tsofaffin tawul na auduga guda biyu, ko bargon auduga mai kauri da ake naɗe kayan ɗaki da shi lokacin ƙaura, ko shimfiɗar gadon marasa lafiya mai wankuwa. Ana sayar da wanda aka ɗinka hawa uku a haɗe, filis a sama, mai shan ruwa a tsakiya, mai hana ruwa wucewa a ƙasa, kuma ya fi sauƙin shimfiɗawa, sai dai yana daɗewa kafin ya bushe bayan wanki.

Filis ba shi da ƙura, yana da taushi ga ƙafa, kuma yana nuna komai a fili, ta yadda mai kiwo zai ga canjin kashi ko ɗigon jini a fitsari tun ranar farko. Amma yana neman shara sau ɗaya ko sau biyu kowace rana babu fashi, domin kashi yana zaune a sama, kuma yana neman wanki mai kyau aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ba shi da injin wanki, ko wurin shanya mai iska, ko isasshen ruwa, zai sha wahala da shi, kuma filis da ba a kula da shi ya fi takardar da ake canzawa a kan kari illa nesa ba kusa ba. A ganina, ga mai keji babba da halin yin wanki, filis ya fi sauƙi a tsawon lokaci, musamman idan aka haɗa shi da dabarar da za a bayyana a mataki na shida. Ga wanda wanki zai yi masa nauyi kuwa, takarda ko asfen ko hemf sun fi masa, kuma babu laifi a cikin wannan zaɓi.

Mataki na biyar: a shirya filis kafin a shimfiɗa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke sa mutane su ce filis ba ya aiki. Sabon yadi yana fitowa daga masana'anta da wani shafi da ke hana ruwa ratsa shi, don haka idan aka shimfiɗa shi yadda aka saye shi, fitsari zai kwanta a sama dabbar ta zauna a ciki. Ana cire wannan shafi ta hanyar wanke yadin sau uku zuwa biyar da ruwan ɗumi da sabulun wanki marar turare, a bar shi ya bushe sarai tsakanin kowane wanki da na gaba.

Bayan haka a gwada shi. A shimfiɗa filis ɗin a kan busasshen tawul, a zuba ruwa cokali ɗaya a kai, a zuba ido. Idan ruwan ya nutse cikin 'yan daƙiƙu, kuma bayan minti ɗaya ko biyu aka taɓa wurin aka ji kusan a bushe, yadin ya shirya. Idan kuwa ruwan ya dunƙule yana yawo a sama, a sake wankewa. Dole a yi gwajin da tawul a ƙasa, domin filis yana bukatar abin da zai ja ruwan daga ƙarƙashinsa. Kada a taɓa sa masa sinadarin da ke sa tufafi laushi, ko a wankin farko ko a na baya, domin wannan sinadari yana mayar da irin shafin da aka sha wahalar cirewa.

A wanke yadin ƙasa shi ma kafin a yanka, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko. A yanka filis ya fi awon keji da santimita 10 zuwa 15 a kowane gefe, domin a samu abin da za a lanƙwasa ƙarƙashin tawul ko a maƙale a bangon tire da maƙalan takarda masu ƙarfi, tunda ɓeran Masar yana son kutsawa ƙarƙashin yadi, kuma idan ya shiga can zai kwanta ne a kan jiƙaƙƙen tawul. A tanadi saiti biyu aƙalla, uku ya fi, don kada a rasa na shimfiɗawa ranar da wanki bai bushe ba. A zaɓi launi mai haske ko matsakaici wanda jini zai fito a kansa, a kuma guji yadi mai dogon gashi ko mai zare a baki, haka ma tawul a saman keji, domin farce yana maƙalewa a madaukan zarensa.

Mataki na shida: a raba keji gida biyu

Ɓeran Masar yana yin mafi yawan fitsari da kashinsa a inda yake cin busasshiyar ciyawa, sai kuma a cikin maɓoyarsa. Tunda busasshiyar ciyawa ita ce mafi yawan abincinsa kuma dole ta kasance a gabansa koyaushe, mai kiwo zai iya amfani da wannan ɗabi'a ya tattara ƙazantar a wuri guda. A ware kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na keji a ƙarshensa, a sa tire marar zurfi wanda bakinsa bai wuce santimita 5 ba don shiga da fita su yi sauƙi. A ƙasan tiren a shimfiɗa jarida, a zuba dunƙulallun ƙwayoyin takarda ko na katako, a rufe su da takarda mai laushi ko da ciyawar kanta mai kauri, sannan a ajiye ciyawar ci da kwalbar ruwa a wannan ɓangare.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Mafi yawan fitsari zai sauka a tire, wanda ake juyewa a wanke cikin minti biyu ko uku, kuma ciyawa ba za ta bazu a kan filis ba, ita da ke maƙale masa kamar ƙarangiya a bakin zane. Ba za a samu dabbar ta daina ɓata sauran wurin gaba ɗaya ba, domin ba ta koyon wurin bahaya yadda kyanwa ke koya, amma aikin yana raguwa ƙwarai. A ƙarƙashin kowace maɓoya da kowane lungu da aka lura suna yawan zama, a ƙara ɗan ƙaramin yankin filis mai nasa yadin shan ruwa, kamar santimita 30 a kowane gefe, wanda za a riƙa ɗagawa a canza kullum ko bayan kwana biyu ba tare da an taɓa babbar shimfiɗar ba. Waɗannan ƙananan yankuna su ne ke sa babbar shimfiɗa ta kai kwana biyar ko mako guda. Maɓoya marar ƙasa ta fi mai ƙasa, domin ana ɗaga ta kawai a share, kuma mai ƙofa biyu ta fi samun iska.

Wanda ya zaɓi shimfiɗar yarwa a duk kejin, ya zuba ta da kaurin santimita 5 zuwa 8 bayan an danna ta da hannu, ya ƙara kauri a lunguna. Shimfiɗa marar kauri tana jiƙewa har ƙasa cikin kwana ɗaya, don haka tsimin da ake nema da ita ba ya samuwa.

Mataki na bakwai: tsarin shara da wanki

Kowace rana, safe da yamma idan filis ne, a share kashi da 'yar ƙaramar tsintsiya da abin kwasar shara, a cire ciyawar da ta jiƙe, a canza ƙananan yankunan da suka yi danshi. Idan shimfiɗar yarwa ce, a ɗaga maɓoya a kwashe jiƙaƙƙen wurin har ƙasa, a cike gurbin da sabuwa. A kowane hali a danna bayan hannu ko busasshiyar takarda a wuraren kwanciya, domin ido yana iya kuskure amma danshin da ya taɓa hannu shi ne wanda ke taɓa ƙafar dabba. Tiren ciyawa kuma a juye shi kullum ko bayan kwana biyu, gwargwadon yawan dabbobin.

Sau ɗaya a mako, ko sau biyu idan kejin ƙarami ne ko dabbobin sun fi biyu, a fitar da su zuwa wuri mai tsaro a kwashe komai. A haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a fesa a ƙasan keji, a bar shi na wasu mintuna ya narkar da farin tabon kalsiyam, sannan a goge da buroshi, a ɗauraye, a bar wurin ya bushe sarai kafin a mayar da shimfiɗa. Ruwan khal yana cire tabo da wari amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, don haka idan an yi rashin lafiya a kejin a yi amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta da likitan dabbobi ya amince da shi, a kuma ɗauraye sosai. Kada a taɓa haɗa ruwan khal da bilic, wato sinadarin wanki mai sa tufafi fari, domin haɗin yana fitar da iska mai guba ga mutum da dabba, kuma bilic yana yin irin wannan illa idan ya haɗu da amoniyar fitsari, shi ya sa ake wanke fitsarin tukuna.

Kafin a wanke filis a kakkaɓe shi da kyau a waje, a bi shi da buroshi mai tauri ko na roba don cire gashi da guntayen ciyawa, domin su ne ke toshe matatar injin wanki. Akwai jakar wanki mai zif da ake zuba kayan dabbobi a ciki don ta tare wannan datti, kuma rigar matashi da aka ɗaure bakinta tana yin aikin. A wanke shi dabam da tufafin mutane, da sabulu kaɗan marar turare, a zafin digiri 40, ko 60 idan ana fama da makero ko ƙwarin fata kuma yadin zai iya jurewa. Sabulun da ya yi yawa yana taruwa a yadi ya hana ruwa ratsawa, kuma zuba rabin kofin ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe yana taimakawa wajen cire shi tare da wari. A shanya har yadin tsakiya ya bushe, ba na sama kaɗai ba, domin mayar da shimfiɗa mai sauran danshi yana kawo fumfuna. Bayan kowace shara a wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kayan keji a wurin wanke kwanukan abinci.

Mataki na takwas: a duba dabbar, a gyara zaɓin

Bayan mako biyu da fara sabuwar shimfiɗa, jikin dabbar zai nuna ko zaɓin ya yi. A juya ta a hankali a dubi tafin ƙafafu huɗun, a dubi gashin ciki da na gindi ko ya jiƙe ko ya rine, a saurari numfashi. Yawan atishawa bayan zuba sabuwar shimfiɗa yana nuna ƙura, sai a canza iri. Amma majina, ko idanu masu kwantsa, ko ƙarar numfashi, ko ƙin cin abinci, duk suna neman likitan dabbobi a ranar, domin wannan dabba tana ɓoye ciwo har sai ya yi nisa. Farin tabo mai laushi kamar gari a kan filis ba abin damuwa ba ne, amma idan yana da tsakuwa-tsakuwa a hannu, ko aka ga jini, ko dabbar tana kuka lokacin fitsari, to ana zargin tsakuwar mafitsara, wadda ta zama ruwan dare a cikinsu.

Wasu dabbobin suna bukatar a sauya musu tsari. Masu dogon gashi suna kwasar sassaƙe da takarda a jikinsu, don haka filis ya fi musu, tare da rage gashin gindi da almakashi. Marasa gashi fatarsu tana saurin ƙujewa, su ma abu mai laushi suke so. Maza suna jan gindinsu a ƙasa don barin warinsu, ta haka ɓurɓushin shimfiɗa ke shiga aljihun fatar da ke wurin, sai a riƙa dubawa ana tsaftacewa, musamman ga tsofaffi. Tsoho ko mai ciwon gaɓoɓi da ke daɗewa a wuri ɗaya yana bukatar a ninka masa laushi a kuma canza yankin kwanciyarsa sau biyu a rana. Wanda aka yi wa tiyata ko mai buɗaɗɗen rauni a sa shi a kan yadi mai haske da ake canzawa kullum, a nisantar da shi daga duk abin da zai manne a rauni.

Yanayi ma yana sauya lissafi. Ɓeran Masar, wanda asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma zafin da ya haura 27 ko 28 yana iya yi masa mummunar illa. A lokacin zafi fitsari yana saurin ruɓewa, ƙudaje kuma suna iya yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindi su haifar da tsutsotsi cikin sa'o'i, don haka a rage tazarar canza shimfiɗa, a cire barguna masu kauri, a ajiye fale-falen tayil guda a wani lungu don dabbar ta kwanta a kai ta sha sanyi. A lokacin damshi kuma, inda wanki ke kwana biyu bai bushe ba, a ƙara saiti na uku ko na huɗu, ko a koma shimfiɗar takarda na ɗan lokaci har iska ta bushe.